Yadda Don Rigo Ya Yi wa Tafkin Surukinsa Magani

A unguwarmu ta Palo Seco, can kudancin Phoenix, in ka ga mutum ya dafa ƙugu a gaban famfon da ba nasa ba yana girgiza kai, ba sai ka tambaya ba, Don Rigo Balderas ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan motar kai gishiri gida-gida, irin buhunan nan da kowa ke zuba wa na'urar tace ruwa ta cikin gareji don kada farin dattin ruwan garin nan ya toshe famfo. Ɗauko buhu, dire buhu, a sa masa hannu a takarda, iyakar aikin ke nan. Amma tun da ya yi ritaya ya naɗa wa kansa sarautar injiniyan ruwa, har da buga sunan a goshin hularsa.

"Ni ruwa ba ya yi mini ƙarya," haka yake cewa. "In na kalle shi sau ɗaya, na san abin da ke damunsa."

Mutum ɗaya ce ba ta ƙyale shi, ƙanwar matarsa, Noemi, wadda sana'arta wanke wuraren ninƙaya na gidajen masu hali. Kullum akwai ɗan ma'aunin gishiri rataye a wuyanta, kamar biro.

"Yaya Rigo," takan ce, "kai da ka yi shekara ashirin kana ɗaukar gishiri a kafaɗa ka zama injiniya, to jakin kakanmu da ya ɗauki littattafai zuwa makaranta fa? Farfesa ke nan."

A tsakiyar unguwar akwai ɗan tafki, bai wuce girman filin ƙwallon kwando ba. Duk kwana goma sha uku ake ba mu ruwa daga babbar magudana, ya ratsa ta tafkin, sannan ya bi ƙananan hanyoyi ya shiga lambunan bayan gida. Marigayi Don Anselmo, mahaifin Eufemia matar Rigo, shi ya riƙe mabuɗin ƙofofin ruwan shekara talatin, shi kuma ya saka wata 'yar tarwaɗa a tafkin da hannunsa, shekarar da zai rasu. Tarwaɗar ta girma ta kai tsawon hannun babban mutum, ana kiran ta Janar saboda gashin baki. Kowace safiya Eufemia ke zuwa bakin ruwan da gutsuren tortiya, wainar masarar nan tamu, ta buga ƙafa sau uku a kan dutse, Janar ya taso. Ta ba shi, ta gaya masa labarin unguwa. Kowa ya san ba da kifi take hira ba, ba kuma wanda ya taɓa faɗa.

To, bana ruwan ya ja baya. An rage mana awoyi, rana kuma ta ce ga ni. Tafkin ya tsotse, wani farin ɓawo ya zagaye bakinsa, ƙananan kifaye suka fara tasowa ciki sama. Sai ga wata jami'a daga birni, Misis Okerlund, da farar mota da dogon takalmin roba. Ta tsoma ma'auni, ta taɓe baki.

"Dubu uku da ɗari biyar," ta ce wa mutanen da suka taru. "Gishiri ya yi yawa. Zan dawo Asabar ta uku. In bai sauko ƙasa da dubu biyu ba, ba za mu bar ruwa mai wari a tsakiyar mutane ba. Za a cike shi da tsakuwa."

Eufemia ta dafe ƙirji. Noemi ta ce abin ba wuya, in ranar ruwa ta zo a buɗe ƙofa gaba ɗaya, sabon ruwa ya kore tsohon. Kafin ta rufe baki Don Rigo ya hau kan dutsen Eufemia ya ɗaga mabuɗin surukinsa, wanda ya gada don kawai a gidansa aka bar shi.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku! Mako uku? Ni kwana goma ya ishe ni. Ranar Asabar ɗin kowa ya zo da kujerarsa, ni zan gasa nama. Baiwar Allahn nan za ta sha ruwan tafkin nan a kofi, ta nemi ƙari."

"Ina da ruwana a mota, na gode," in ji Misis Okerlund.

Shi fa Don Rigo bai yarda da maganar gishiri ba ko kaɗan. Da kowa ya watse ya tsuguna, ya kankaro farin ɓawon da farce, ya yi dariya shi kaɗai. Wannan ai ya san shi. Shi ne dai farin abin nan da ke kama bakin famfo da gindin buta a kowane gida. Kuma mene ne maganinsa a kowane gida? Buhun gishiri! Shekara ashirin da biyu yana kai wa mutane, suna gode masa. 'Yan boko sun ga cuta sun kira ta da sunan magani, shi ke nan. Bai ɗanɗana ɓawon ba, don injiniya ba ya lasar ƙasa.

Washegari ya tafi rumbun tsohon wurin aikinsa, inda ake jibge yagaggun buhunan da ba sa sayuwa. Mai gadin ya ce ya kwashe duka in yana so, ya rage musu shara. Ya loda wa tsohuwar a-kori-kurarsa buhu arba'in a tashin farko. Motar ta sunkuyar da gindi, ta ɗaga hanci sama, ta taho tana tartsatsin wuta a kan kwalta. A kwanar shiga unguwa salansa ya faɗi. Tsoho Orville Tuttle, mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, yana zaune a barandarsa da karyarsa, ya ɗaga murya.

"Rigo, ka yar da wani abu!"

"Na sani! Rage mata nauyi na yi da gangan."

"Me ka lulluɓe da tamfol haka?"

"Sirrin sana'a, Orville. Kai ka taɓa gaya mana abin da ke cikin wasiƙun mutane?"

Lokacin aikinsa ƙarfe biyu na rana ne. A watan Yuni, da zafi ɗari da goma sha biyar a ma'aunin Farenhait, ko ɓarawo ba ya fita a lokacin, kowa na ciki ya ja labule. Don Rigo kaɗai ke bakin tafki, yana farke buhu yana zazzagawa, yana motsawa da tsohon filafilin kwale-kwale kamar mai dama kunu. Buhunan da ya juye ya riƙa cusa su a bayan mota ƙarƙashin tamfol. Don kada maganin ya zurare, ya je ya ɗaure ƙofar fita tam.

Kwana uku, agwagin tafkin suka tashi gaba ɗaya suka koma filin makaranta. Eufemia ta dawo daga bakin ruwa da damuwa.

"Maigida, agwagi sun tafi."

"Madalla! Dama su ke ɓata ruwan. Magani ya fara kama su."

Kwana biyar, kwaɗi suka yi hijira. Ba ƙarya nake yi ba, layi suka yi suka tsallaka titi da rana tsaka. Uwargidan limamin cocinmu ta buɗe injin wanki ta tarar da guda shida a ciki, ihunta har tashar mai. Wani ya sa ƙafa a takalmin aiki ya ji abu mai sanyi ya motsa. Mutane suka yo gidan Don Rigo da tsintsiya a hannu.

"Ku yi mini godiya," ya ce musu daga bakin ƙofa. "Kwaɗo ba ya zama sai a ƙazamin ruwa. Tunda kun ga ya fita, ruwa ya tsarkaka."

"To ya tsarkaka ya shigo mini kicin?" in ji wata mata.

"Wannan kuma ki duba tsabtar kicin ɗinki, Doña."

Da ƙyar Eufemia ta raba su.

Kwana bakwai, karyar Orville ta lashi ruwan sau biyu, ta ja da baya, ta kalli Don Rigo, ta yi amai a kan takalminsa. Ciyawar bakin ruwa ta koma ruwan ƙasa. Farin ɓawon kuwa, maimakon ya ragu, sai ya ninka, har yana ƙyalli. Don Rigo ya tsaya ya dube shi da kyau. Sai ya tuna yadda ciwo ke tsananta kafin ya fashe, ya ce ashe dattin ne ke fitowa daga ƙasa, maganin bai kai ba. Ya koma rumbu sau biyu a rana ɗaya. A dawowa ta biyu ƙofar bayan motar ta ɓalle, sai da ya ɗaure ta da igiyar shanya.

Ranar ruwanmu ta zo. Tun da asuba ruwa mai sanyi ya iso bakin ƙofa yana neman hanya. Don Rigo ya tsaya da mabuɗi yana lissafi: in wannan ɗanyen ruwan ya shiga, ai zai tsinka masa magani, wahalar kwana goma ta tafi a banza. Sai ya rufe ƙofar tafki, ya buɗe ta gefe, ruwan ya zagaye ya wuce lambuna kai tsaye. Kowa ya sami ruwansa a gindin lemo, ba wanda ya yi ƙorafi. Tafki kuwa ko ɗigo bai gani ba.

Noemi ce ta lura, da ta biyo da yamma daga aiki. Ta same shi a gareji yana goge hula.

"Yaya Rigo, me ya sa tafki bai ƙaru ba? Ba yau ne ruwa ba?"

"Yana cikin jinya. Mai jinya ba a ba shi ruwa barkatai."

"Wace jinya? Me kake zuba masa?"

"In na gaya miki gobe ki buɗe kamfani da shi."

Ta cire ma'aunin daga wuya. "Mu je in tsoma, minti ɗaya."

Ya tare ƙofa da faɗinsa. "Wannan tsinken naki na bahon masu kuɗi ne. Tafki sai ido, idon ma na gwani. Ranar Asabar za ki auna a gaban jama'a, ki ba ni haƙuri a gaban jama'a."

"Na yarda. Amma ka ji ni da kyau, in wani abu ya sami kifin Baba, ba ni za ka yi wa bayani ba."

Ta nuna cikin gida da haɓa. Eufemia na tsaye a kicin, gutsuren tortiyar safe na nan a hannunta. Kwana biyu ke nan tana buga dutse Janar bai taso ba.

"Hutawa yake yi a ƙasa," in ji Don Rigo da ƙarfi don ta ji. "Ruwa ya yi masa daɗi."

Eufemia ta dube shi ta taga. "Rigo, na ba ka amanar mabuɗin mahaifina. Ban taɓa roƙonka komai a kan surutunka ba. Wannan kaɗai."

"Haba, uwargida! Ranar Asabar sai kin yi kuka don murna."

Asabar ta zo. Don Rigo ya kafa rumfa, ya ja a-kori-kurar har bakin tafki don ya ɗora rediyo a kanta, ya hura gawayi, ya shimfiɗa nama. Ya sa farar riga da hular injiniya. Ya ajiye kofin gilas a kan tebur, na Misis Okerlund. Mutane suka zo da kujeru, amma kowa ya zauna ya toshe hanci, don wani wari ke tasowa wanda ƙamshin naman ya kasa dannewa.

"Warin me nake ji?" in ji Orville.

"Ƙamshin teku ke nan. A San Diego kuɗi ake biya a shaƙe shi."

Misis Okerlund ta iso ƙarfe goma daidai. Ta tsaya ta kalli farin ɓawon, ta kalli matattun kifayen da suka jeru a gefe, waɗanda Don Rigo ya rufa wa ganyen dabino bai gama ba. Ya tare ta da jawabi. Ya faro daga shekarar da ya fara aiki, ya bi ta kan gidajen manyan da ya shiga garejinsu, ya ce in birni na da hankali zai ba shi duk magudanun jihar ya gyara. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta tsoma ma'auni.

Ta ciro, ta girgiza shi, ta goge da riga, ta sake tsomawa.

"Nawa ya faɗi?" in ji Noemi, da ke tsaye a gefe.

"Ya ƙi ba da lamba. Ya wuce iyakarsa."

"Kun ji ko!" Don Rigo ya juya ga jama'a yana tafa wa kansa. "Tsabtar ta fi ƙarfin na'urar gwamnati!"

Noemi ta tsoma nata, wanda aka yi don ruwan gishiri. Ta daɗe tana kallo. "Dubu goma sha uku," ta ce a hankali.

A daidai lokacin wata 'yar guguwa, irin mai juyawar nan da ke tasowa daga fili in rana ta take, ta ratso ta bayan rumfa. Ta ɗage tamfol ɗin motar kamar mai buɗe tukunya. Buhuna ɗari da arba'in suka tashi sama. Suka cika iska, suka maƙale a waya, a katanga, a kan itacen lemo. Ɗaya ya faɗa kan gawayi ya kama wuta, ɗaya ya rufe kan karyar Orville, ɗaya kuma ya zo ya manne a ƙirjin Misis Okerlund. Ta ɓamɓare shi, ta karanta, ta ɗago kai.

"Gishiri. Na ce muku gishiri ya yi yawa, sai ka ƙara gishiri?"

"Ranki ya daɗe, ai shi ke cire farin nan a famfo. Kowa a nan shaida ne. Ko akwai wanda ba ya zubawa a garejinsa?"

"Wayyo Allah na!" Noemi ta ɗora hannu a ka. "Yaya Rigo, gishirin na'ura ba ya zama a ruwan sha! Cikin na'urar yake wankewa, ya fita ta kwata! Shekara ashirin da biyu kana ɗauka, ba ka taɓa tambayar inda yake zuwa ba?"

"Ni aikina kaiwa ne," ya ce, muryar ta sirance.

"Farin da ke bakin tafkin nan gishiri ne tsantsa! Da ka lasa!"

Orville ya miƙe da sandarsa, ya ciko kofin gilas ɗin nan da ruwan tafki, ya miƙa masa. "Tunda baƙuwa ta zo da ruwanta, injiniya, kai ka sha. In ka so ƙari akwai."

Ido ya yi yawa, ba hanyar gudu. Don Rigo ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya fesar a kan naman da ya rage. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma ina! Ya goge baki ya zaro mabuɗi.

"Ƙaramin abu ne! Yanzu zan sake shi ya fita, minti biyar!"

"Kada ka buɗe!" Noemi da Misis Okerlund suka faɗa tare.

Ya riga ya kai ƙofar fita, ya juya sitiyarin buɗe ta da dukkan ƙarfinsa har zaren ya cinye, ƙarfen ya zo a hannunsa. Ruwan gishirin ya ɓalle da gudu ya bi ƙananan hanyoyi zuwa inda ya saba zuwa, wato lambunan bayan gida. Sabon ruwa kuwa babu, sai bayan kwana huɗu. Jama'a suka watse da ihu, kowa na gudun ceton lemonsa da barkononsa, masu shebur na yi, masu toshewa da kujera na yi. Orville, wanda aka ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya tsallake katanga.

Tafkin ya zube a gaban idon kowa. Cikin rabin awa ba abin da ya rage sai farin taɓo, da tsohuwar taya, da keken wani da ya ɓace tun shekara takwas. Can a tsakiya, cikin ɗan ruwan da bai kai idon sawu ba, wani baƙin abu mai gashin baki yana buɗe baki yana rufewa.

Eufemia ta nufi bakin tafkin. Ta cire takalmi, ta shiga taɓon da rigarta ta zuwa coci, yana kama ta har gwiwa. Ta durƙusa ta rungumo Janar kamar jariri, ta fito da shi, ta wuce ta gaban mijinta ba ta ko kalle shi ba. Ya miƙa hannu zai taimaka.

"Kada ka taɓa shi," ta ce.

Misis Okerlund ta rufe littafinta. "To, aƙalla masu tsakuwa ba sai sun zuƙe ruwa ba. Litinin za su zo."

Sun kuwa zo. Yanzu in ka bi ta wurin, fili ne na jar tsakuwa da benci ɗaya da ba mai zama a kai. Dutsen kaɗai Eufemia ta sa aka ɗauko mata. Itatuwan lemo goma sha ɗaya suka bushe a layinmu, mabuɗin kuma ya koma wuyan Noemi, kusa da ma'auni.

Janar bai mutu ba. Yana cikin bahon wankan gidan Balderas, Noemi na kawo masa ruwan magudana a jarka. Don Rigo kuwa a bayan gida yake wanka da tiyo, wanda rana ke dafa ruwansa tun ƙarfe tara, maƙwabta na jin ihunsa suna saita agogo. Ko a hakan bai daddara ba, don na ji shi da kunnena yana gaya wa wani baƙo a shagon aski cewa duk Arizona shi kaɗai ya iya kiwon tarwaɗa a cikin ɗaki.

A gida ne dai bakin ke mutuwa. Ran da aka gama zuba tsakuwa, Eufemia ta ajiye masa wake da ƙwai a tebur. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya duba dama, ya duba hagu. 'Yar kwalbar gishirin da ke zama a tsakiyar teburin tun ranar aurensu ba ta nan.

"Uwargida, kamar an manta da gishiri."

Ta ɗauki gutsuren tortiya ta nufi banɗaki, inda ta ajiye dutsen a gindin baho. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ba a manta ba. Naka na duk rayuwa ka riga ka zuba shi a tafkin Baba."

Ya ji ta buga dutsen sau uku. Ya sunkuyar da kai ya ci wakensa lami, kuma haka yake ci har yau.